Man Ƙamshi Ya Ɓata Mini Wuya, Gashina Kuma Yana Zuba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, ina goyon ɗana na fari, watansa 4. Tun da na gama wankan jego fatata ta bushe, da hunturu ya shigo kuwa sai ƙafafuna suka yi furu-furu, dugadugaina suka fara tsagewa. Idan na taje kai sai gashi ya cika mataji, gaban goshina har ya fara zama fili. Na sayi wani mai a wajen wata mai kayan gyaran jiki a WhatsApp, ta ce haɗin man argan ne da man fure da na lemo, babu sinadari ko ɗaya, na jiki ne da gashi. Ƙamshinsa ba a magana, maigida ma ya yaba. Na yi sati 3 ina shafawa lafiya lau, sai wuyana da bayan kunnuwana da lanƙwasar hannuna suka fara ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, yanzu wuyan ya yi duhu. Mai man ta ce dattin jiki yake fitarwa, in ci gaba. Gaskiya ba na son dainawa, don tun da na haihu nake jin kamar ƙarnin nono nake yi. In ci gaba? Zai tsayar mini da zubar gashin? Kuma zan iya shafa wa yaron, shi ma kumatunsa sun bushe?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana shi, ya ba ki lafiyar shayarwa.

Ki ajiye man nan daga yau. Kada ki ƙara shafa shi a wuya ko a ka ko wani wuri, kuma ko ɗigo ɗaya kada ya taɓa yaron. Na sa wannan a gaba ne don na san mai goyo ba kullum take samun sukunin karanta doguwar amsa a zama ɗaya ba. Ƙamshi kuwa ba zan raba ki da shi ba, wurin da za ki riƙa sa shi ne zai canza.

Maganar cewa dattin jiki man yake fitarwa ba ta da tushe, kuma tana ɓata mini rai, domin da ita ake sa mata su ɗore da shafa abin da ke cutar da su har ɓarna ta yi nisa. Tace jini aikin hanta ne da ƙoda. Idan fata ta yi ƙaiƙayi da ƙuraje a daidai inda ake shafa mata abu, ƙin abin take yi. Ki duba wuraren da kika lissafa, duk inda fata ba ta da kauri ne. Wuya da bayan kunne kuma sau biyu suke shan man, na jiki da wanda ke gangarowa daga gashi, ga ɗankwali da hijabi sun rufe shi a wurin.

Za ki ce ai kin yi sati 3 babu abin da ya faru. Haka abin yake zuwa. Akwai abin da ke ƙona fata nan take saboda ƙarfinsa, kowa ya shafa zai ji. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ke koyon ƙinsa a hankali, ta ɗauki makonni, a wajen wasu ma shekaru. Daga ranar da ta gama saninsa, duk lokacin da ya taɓa fata sai ta tayar da faɗa, kuma ƙurajen kan fito ne bayan kwana 1 zuwa 3 da shafawa, shi ya sa mace takan zargi abinci ko ruwa ta bar mai laifin. Bayaninki ya fi kama da na biyun, likita ne dai zai tabbatar idan ya gani da idonsa. Abin da ya sa na matsa miki ki daina yau shi ne, jikin da ya koyi ƙin wani sinadarin ƙamshi da wuya ya manta, sau da yawa abin yana bin mutum har tsufa. Sinadaran da ke cikin man nan kuwa su ne dai a cikin turare da humra da sabulun wanka da man kitso. Mace mai son ƙamshi irinki ita ce ta fi kowa asara idan ta bari abin ya yi ƙarfi.

Mai iri biyu ake haɗawa a irin wannan kwalbar. Na farko shi ne wanda ake matsowa daga ƙwaya ko 'ya'yan itace, su man kaɗanya, man riɗi, man kwakwa, man alayyadi, da man argan da ake samu daga wata bishiya ta kudu maso yammacin Maroko. Shi ne mai maiƙo, shi ke yi wa fata aiki, kuma ƙamshinsa kaɗan ne. Na biyu shi ne wanda ake turarowa daga fure ko ganye, ko a matso daga ɓawon lemo. Wannan iska ke kwashe shi, ba ya hana fata bushewa ko kaɗan, aikinsa ƙamshi kawai, kuma yana da ƙarfin gaske. Kafin a samu kilo 1 na man furen wardi na asali, irin wanda ake yi a Bulgeriya da Turkiyya da garin Ɗa'ifa na Saudiyya, sai an turara fiye da tan 3 na furen. Ki auna da kanki ko za a cika miki kwalba da shi a kuɗin da kika biya. Galibi turaren masana'anta ake sawa. Na asalin ma bai tsira ba, yana jawo irin waɗannan ƙurajen. Fitowa daga tsiro ba ta sa abu ya zama marar illa, kowa ya san abin da farin ruwan tumfafiya yake yi idan ya shiga ido.

Saboda yawan masu wannan matsalar, tun 2005 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunayen sinadaran ƙamshi 26 a jikin kayan shafa idan sun kai wani adadi, a 2023 ta ƙara su suka haura 80, kuma da yawansu daga tsirrai suke. Idan kin ga Parfum ko Fragrance ko Linalool ko Limonene a jerin kayan haɗi, ƙamshi ne. Waɗannan biyun na ƙarshe idan suka daɗe suna shan iska da zafi sai su ƙara zama masu tayar da fata. Man da aka ɗura a roba ba rubutu ba kwanan wata, babu mai iya gaya miki tsufansa, kuma an sha samun maganin bilicin a ɓoye a irin waɗannan haɗe-haɗen.

Duhun wuyan yana iya zuwa ta hanya biyu. Fatarmu duk inda ta kumbura ko aka sosa ta, takan bar tabo mai duhu bayan ta warke. Sannan man ɓawon wasu lemuka, musamman lemun tsami da wani da ake kira bargamot, yana ɗauke da sinadarin da idan rana ta doke shi a kan fata sai ya ƙona ta ya bar baƙi. Fitowa tsakar gida yin shanya ba mayafi ta isa. Irin wannan duhun yana washewa da kansa idan an cire sanadin, amma ki sa ran watanni. Abin da ke ƙara shi kuwa gaggawar cire shi ne da dilka, da goga da soso, da lemun tsami, da man bilicin. Ki bar su duka. Ki wanke wuyan da ruwa mai ɗan ɗumi, ki shafa farin basilin marar ƙamshi safe da rana da dare, ki yanke farce. Idan ƙaiƙayin ya taso ki jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi ki ɗora. Ki wanke gashin tas, ki wanke ɗankwalaye da hijabai da rigar filo da zanen goyo, domin man yana maƙale a jikinsu, sai mace ta daina shafawa amma ta ga ƙurajen sun ƙi tafiya.

Idan an yi sati ba ki ga sauƙi ba, ko wurin ya fara tsatsafo da ruwa, ko fuska da fatar ido sun kumbura, ki je asibiti. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da ke a Shika, ki nemi ganin likitan fata, ki tafi da kwalbar, ki gaya musu kina shayarwa. Kada ki biya kemis a ba ki irin mayukan nan masu magani uku a haɗe. Akwai sinadari mai ƙarfi a cikinsu da ke kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mace ta ji daɗi ta ɗore, ƙarshe ya sirantar mata da fata ya bar nankarwa. Idan kuwa duhun ya riga man zuwa, kuma fatar ta yi kauri a lanƙwasar wuya da hammata, wannan daban ne, yana iya alaƙa da suga, sai a gwada jini.

Yanzu ga abin da ya kai ki sayen man, wato bushewar. Kin yi daidai da kika danganta ta da wankan jego. Saman fata yana da wani siririn maiƙo na halitta da ke riƙe ruwan jiki. Ruwa mai zafi sosai yana narkar da shi, sabulu yana wanke shi. Kwana 40 safe da yamma ana watsa ruwan zafi da ganyen darbejiya ko tsamiya, iyayenmu da kyakkyawar niyya suke yi, amma fata tana fitowa ba sauran maiƙo. Kafin ta farfaɗo sai ga hunturu, lokacin da laimar iska a Zariya da Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana.

Mai ba ya zuba wa fata ruwa. Faifai ne a bakin ƙwarya, yana tsare abin da ke ciki, amma wanda ya rufe busasshiyar ƙwarya busasshiya zai buɗe. Shi ya sa za ki ga mace ta lafta mai da rana tsaka ƙafarta tana sheƙi, bayan awa biyu furu-furun ya dawo. Lokacin shafawa ya fi irin man muhimmanci. Ki yi wanka da ruwa mai ɗumi kawai, kada ki wuce minti 10. Sabulu a hammata da gaba da ƙafa da ƙarƙashin nono ya wadatar a yawancin ranaku, ƙwauri da damtse ba sa buƙatar sabulu da soso kullum. Sabulun salo gwani ne wajen wanke maiƙo, don haka ki ajiye shi sai bazara. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti shi ma ki bari. Da kin gama ki dangwale ruwan da tawul, ban da gogewa, ki shafa mai cikin minti 2 ko 3 tun jikin yana da danshi. Na san daidai lokacin ne yaron zai fara kuka. Ki kai man bakin banɗaki tun kafin ki shiga, ki gama shafawa a can sannan ki ɗauke shi.

Alwala ma dama ce. Sau 5 a rana hannu da fuska da ƙafa suna jiƙewa, idan aka bar wa iska ta busar da su bushewar ƙaruwa take yi, idan kuwa aka bi su da ɗan mai nan take sai su yi laushi. Ki ajiye ƙaramar roba kusa da dadduma, ki riƙa shafa kaɗan wanda fata za ta shanye. Mai kaurin ki bari sai bayan Isha'i.

Man kaɗanya na sa miki a gaba. Ƙasar nan ce kan gaba a duniya wajen yawan 'ya'yan kaɗanya, jihohin Neja da Kwara da Kebbi cike suke da ita, amma sai mu tsallake shi mu sayi abin da aka ce daga waje ya zo. Yana narkewa da ɗumin tafin hannu, yana daɗewa a jiki, kuma da wuya ya tayar wa mutum da fata. Na san warin hayaƙi ne ke korar 'yan mata daga gare shi. Akwai tatacce wanda aka cire wa warin, ki saye shi matuƙar ba a zuba masa turare ba. Basilin kuma kada ki raina shi don arha, wajen hana ruwa fita daga fata babu man tsiron da ya kamo shi. Idan kin samu man shafawa na kemis marar ƙamshi mai giliserin, ki fara da shi, domin giliserin yana jawo danshi ya riƙe, sannan ki bi da kaɗanya ko basilin a inda ya fi bushewa.

Man zaitun albarkarsa ba abin musu ba ce, ki ci shi a abinci, mai lafiyayyar fata ma ta shafa. Amma ga fatar da ta riga ta tsattsage ina so ki jinkirta. A 2013 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun ba da rahoton manya 19 da suka riƙa shafa shi a hannu safe da yamma na sati 4 zuwa 5, aka ga ya raunana saman fatar, alhali man sanfulawa, wato man 'ya'yan furen nan mai bin rana, da aka gwada tare da shi bai yi hakan ba. Binciken ƙarami ne, amma ya isa a kauce masa ga jariri da mai ƙaiƙayi.

Dugadugai da dare ake yi musu aiki. Ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10, ki goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, ban da reza, ki shafa basilin da kauri, ki sa safa ki kwanta. A kemis akwai man kaushi mai sinadarin yuriya, yana tausasa matacciyar fata sosai, amma yana zafi a inda ya tsage, sai ki bari fason ya haɗe tukuna.

Sai gashi, inda na san hankalinki ya fi tashi. Man nan ba zai tsayar da zubar ba, babu ma man da zai tsayar da ita, domin sanadin daga cikin jiki yake. Kowane mutum yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana bai lura ba. Lokacin da kike da juna biyu, sinadaran jikin mai ciki sun riƙe gashin da ya kamata ya zube, shi ya sa kanki ya cika a watannin ƙarshe. Da kika sauka sinadaran suka ragu, sai duk gashin da aka riƙe ya saki tare. Yakan fara a wata na 2 ko na 3, ya fi tsanani wajen wata na 4, daidai inda kike. Saiwar tana nan da ranta, kuma yawancin mata kansu yana komawa yadda yake kafin yaro ya cika shekara. Kusan santimita 1 gashi yake yi a wata, sai haƙuri. Masu sayar da mai suna cin ribar wannan, mace ta saya a wata na 4, zubar ta lafa da kanta bayan 'yan watanni, sai a ce man ne.

Abin da ke hannunki shi ne kada ki ƙara wa goshin wahala. Kitson suna da na arba'in galibi ƙanana ne masu tsauri, ana kama har 'yan gashin gaba, wani lokaci da ƙarin gashi. Ja na yau da gobe yana fizge gashi daga saiwa. Da farko yana dawowa, amma idan aka daɗe wurin yakan mutu ya yi sulɓi, wannan kuwa babu man da ke tayar da shi. Ki ce wa mai kitso ta yi miki manya, sako-sako, ta bar gashin gaba kada ta kama. Kitson da ya hana ki ɗora goshi a ƙasa wajen sujada, ko ya sa ki shan maganin ciwon kai, ko ya fito da ƙuraje a bakin tsaga, a tsefe shi a ranar. Ki sassauta ɗaurin ɗankwali, man miƙar da gashi kuma ki ɗaga masa ƙafa sai zubar ta tsaya.

Amfanin mai ga gashi a jikin silin yake. Gashinmu a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke yi ba ya gangarawa har ƙarshensa, shi ya sa bakinsa ke bushewa yana karyewa. A nan man kwakwa ya yi fice. Wani bincike da aka yi a Indiya aka wallafa a 2003 ya nuna yana rage lalacewar silin wajen wanki da taza, abin da sauran mayuka biyu da aka gwada ba su yi ba. Ki shafa shi awa ɗaya kafin wanke kai ko ki kwana da shi, ki wanke, tun da danshi ki bi gashin da ɗan kaɗanya daga tsakiya zuwa baki. Kada ki taje shi a bushe. Ki yayyafa ruwa, ki fara warwarewa da yatsu, sannan babban mataji daga ƙarshe zuwa tushe.

Fatar kai kuwa kada ki cika ta da mai. Idan kina ganin farin gari yana zuba da ƙaiƙayi, amosani ne, yana da alaƙa da wata ƙaramar halitta wadda ido ba ya gani, da ke zaune a fatar kowa tana cin maiƙo, ƙara mai ƙara mata abinci ne. Sabulun wanke kai mai ketokonazol da ake samu a kemis ke maganinsa, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye. Za a kawo miki tallar chebe, wato garin gyaran gashi, da man karkar. Matan Chadi da aka sani da chebe a jikin gashi suke shafa shi su kitse, tsawon da suke samu daga hana karyewa ne. Haɗin yana ɗauke da kanumfari da turaruka, don haka ba naki ba ne a yanzu.

Idan tare da zubar gashi da bushewar kina jin kasala mai yawa, jiri, bugun zuciya, jin sanyi fiye da kowa a gidan, ko gaban wuyanki ya kumbura, ki nemi a auna jininki, a kuma duba tayirod, wato halittar nan ta maƙogwaro wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Ƙarancin jini ruwan dare ne bayan haihuwa, kuma kimanin mace 1 cikin 20 tayirod ɗinta kan rikice a shekarar farko. Duka biyun suna da magani, amma sau da yawa ana ɗora alamominsu a kan gajiyar goyo. Ki ci hanta da nama da wake da ƙwai da zogale gwargwadon hali, ki ba da tazara tsakanin abinci da shayi, domin shayi yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin da ke gina jini.

Yaron kuma fatarsa ba ta kai taki kauri ba, abin da aka shafa masa ya fi saurin ratsa ta. Kumatun jarirai suna bushewa a hunturu saboda yawu da nono da iska, amma ki tuna a wuyanki da ƙirjinki fuskarsa take yini, ba mamaki man ya riga ya same shi ta nan. Basilin marar ƙamshi ya ishe shi, ki duba da kyau don akwai na jarirai da ake sa wa turare. Wanka gajere da ruwan ɗumi, sabulu kaɗan, a shafa masa tun da danshi. Man zafi da kafur da man na'a-na'a kada su kusanci hancinsa ko ƙirjinsa, suna iya taɓa numfashin jariri. Idan kumatun sun yi ja da gautsi, yana goga fuska a jikinki yana kasa barci, ki kai shi a duba. Kwalbar kuma ki ɗaga ta inda yaran gida ba za su kai ba, ƙamshin lemo yana jan yaro ya kurɓa, kuma haɗari ne.

Maganar ƙarnin nono kuwa, na ji a nan damuwar take. Masu goyon fari da yawa suna jin haka, jiki ya canza, barci ya ƙaurace, mace ta riƙa jin kamar ba ita ba. Son ki yi ƙamshi don mijinki da kuma don kanki abu ne mai kyau. Ƙarnin daga nonon da ya bushe a tufafi yake fitowa. Ki sa tsaftataccen ƙyalle a cikin rigar nono ki canza da zarar ya jiƙe, ki ɗauraye ƙirji da ruwa zalla, ki sauya riga da yamma, za ki ga ya ragu ƙwarai. Ƙamshin kuma ki mai da shi jikin kaya. Iyayenmu na Barno sun daɗe da wannan hikimar, a kifa kabbasa a kan kasko, a baza tufafi su sha turaren wuta, ƙamshin ya kwana biyu bai fita ba. Ki yi a wani ɗakin ko a waje, ba inda yaron yake kwance ba, saboda hayaƙin. Humra ki shafa ta a gefen zani da ƙasan riga, nesa da wuya da ƙirji. Jariri yana gane uwarsa da ƙamshin jikinta, turare mai ƙarfi a ƙirji yakan sa wani ya riƙa kau da kai daga nono. Ɗankwali da hijabi da ke taɓa wuyan ki bar su ba turare har sai ya warke. Maigida kuwa ki nuna masa wuyan ki gaya masa dalili. Wanda ya lura da ƙamshinki har ya yaba ba zai so ya gan ki kina susa ba.

Ni da za ki bi tawa, ki bar man jiki mai ƙamshi sai bayan yaye. Idan lokacin ya yi kina son gwadawa, ba wannan kwalbar ba. Ki sayi mai rubutun kayan haɗi da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki shafa kaɗan a wuri ɗaya a cikin damtsenki, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10, kafin ya je ko'ina. Gwajin dare ɗaya ba ya wadatarwa tunda ƙurajen kan jinkirta. Idan da kanki za ki haɗa, ɗigo 1 na man ƙamshi a cokalin shayi na man riɗi ko kwakwa, wato kusan kashi 1 cikin 100, kada ki wuce haka, na kirfa da kanumfari da lemo kuma ki bar su gaba ɗaya. Idan wurin gwajin ya yi ƙaiƙayi sai ki tsaya a turaren kaya, akwai kuma gwajin da likitocin fata ke yi don gano takamaiman sinadarin da za ki riƙa gujewa.

Ita kuma mai man, ki ɗauki hoton wuyan ki tura mata cikin mutunci. Wataƙila ita ma sarowa ta yi aka gaya mata haka, ba ta san abin da ke ciki ba. Ki tambaye ta sunayen abubuwan da aka haɗa don ki kai wa likita, ki kuma roƙe ta ta daina ce wa masu ƙuraje su ci gaba, ta riƙa gargaɗin masu goyo kada su shafa wa jarirai.